Yadda Ake Zaɓen Fikof ɗin Wuya Don Jitar Lantarki Ta Fita Garau

Kukan da masu jitar lantarki suka fi yi a kan fikof ɗin wuya guda ne. Idan ana kaɗa tsirkiya ɗaya-ɗaya yana da daɗi, amma da an haɗa biyar ko shida sai sautin ya cakuɗe, kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Fikof shi ne ɗan abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, maganaɗisu ne da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa sau dubbai, aikinsa ya mayar da rawar tsirkiya ta zama lantarki. Na wuya shi ne wanda ke daf da ƙarshen allon firet, wato allon wuyan jita mai ƙananan ƙarafa a gicciye inda yatsu ke danne tsirkiya. Ɗan'uwansa kuma yana gindin jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa, wanda 'yan kiɗa ke cewa birij.

Rabin matsalar daga mazauninsa take. A gindin jaki tsirkiya ba ta da wurin lilo, shi ya sa sautin can yake siriri mai kaifi. Idan aka matso wajen wuya lilon ya fi faɗi, bas ya fi yawa, ƙarar ma ta fi. Fikof ɗin da ya zauna daidai a jaki, in ka ɗauko shi ka sa a wuya, sai ya yi kauri har ya gunduri kunne, kuma jitoci masu araha da yawa iri ɗaya ake zuba musu a ramukan biyu. To ka riƙe wannan tun yanzu: a wuya mai ƙarancin naɗi ake nema. Wanda aka rubuta wa “mai ƙarfi” a kwali caɓewa zai ƙara maka.

Kafin ka taɓa aljihu

Fara da tsirkiya. Gumi da ƙurar hunturu suna shiga tsakanin naɗin manyan tsirkiyoyi uku, cikin 'yan makonni su kashe musu kaifi, kuma babu fikof ɗin da zai dawo da abin da tsirkiya ba ta bayar ba. Sa sababbi. Na ƙarfe mai rufin nikel sun fi na tsantsar nikel kaifi, na sitenles sun fi su duka, masu sulɓin jiki da 'yan jaz ke so kuwa su ne suka fi dushewa.

Sai tsayin fikof, wanda shi kaɗai yakan gama maganar. Danne babbar tsirkiya a firet na ƙarshe, ka auna da rula daga saman turken fikof zuwa ƙasan tsirkiya. Maimaita a siririyar tsirkiya. Ga mai koyil ɗaya, wato dunƙulen naɗin waya guda, irin na jitar Stratocaster, ana farawa da milimita 2.4 a ɓangaren manya da milimita 2 a ɓangaren sirara. Ga hambaka, wato mai koyil biyu a jere, milimita 2.4 a wuya mafari ne mai kyau. Daga nan sai ka riƙa sauke ɓangaren manyan tsirkiyoyi, rabin juyi na sukurun da ke gefen fikof kowane karo, kana kaɗawa kana saurare. Sau da yawa a wajen milimita 3 zuwa 3.5 za ka ji bas ya ja baya, tsirkiyoyi sun rarrabe. Rubuta yawan juyin da ka yi don ka iya komawa.

Hambaka yana da wata dabara ta ƙari. Sauke shi gaba ɗaya har ya kusa daidaita da zoben robar da ke riƙe da shi, sannan ka ɗago sukurori shida na samansa da juyi ɗaya ko biyu. Yanzu koyil mai sukurori ya fi ɗayan jin tsirkiya, sautin ya ɗan karkata zuwa na mai koyil ɗaya. Kada ka wuce juyi uku, sukurori za su fara kama farcen kaɗawa.

Akwai kuma kishiyar wannan. Idan mai koyil ɗaya ya matso tsirkiya da yawa, maganaɗisunsa yana janta, sai ka ji babbar tsirkiya tana rawar murya daga firet na 12 zuwa sama, kamar sauti biyu suna kokawa, na'urar saiti ma ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Saukewa ne maganinsa.

Wayar da ke tsakanin jita da amfilifaya tana cin kaifi gwargwadon tsawonta. Waya ta yau da kullum tana da kamar fikofarad 100 (ma'aunin yawan lantarkin da take riƙewa) a kowace mita, saboda haka mai mita 6 ta ninka mai mita 3 wajen danne saman sauti, mai naɗin igiyar tarho kuma ta fi su duka. Ara gajeriya ka gwada.

Na ƙarshe a wannan rukuni, yawancin mutane a kan fikof ɗin jaki suke saita amfilifaya, su rage tirebul su ƙara bas don kada ya soki kunne, sannan su juya wuya su tarar da duhu. Juya tsarin. Koma wuya, sauke bas zuwa wajen 3, ɗaga tirebul har ya yi maka, sannan ka koma jaki ka lallashe shi da maɓallin ton na jikin jita. In bayan duk wannan har yanzu bargon yana nan, to sai a ɗauko mita.

Auna abin da ke hannunka

Ba sai ka kwance komai ba. Soka waya a jita, bar ɗaya bakin a hannunka, kai suwic wuya, buɗe bolum da ton har 10. Sa maltimita a ma'aunin om, wato juriyar waya ga lantarki, na 20k (k na nufin dubu), ɗora tsinke ɗaya a kan bakin jak, ɗaya a jikinsa. Lambar da ta fito ita ce ta fikof, sai dai ta ɗan gaza kaɗan saboda fot ɗin bolum, wato abin da ke juyawa ƙarƙashin maɓallin, yana layi ɗaya da shi: mai 8k zai nuna kamar 7.9k. Mai koyil ɗaya na Stratocaster na asali yana tsakanin 5.6k da 6.5k. Hambakan wuya irin na da yana tsakanin 7k da 8k. Idan ka ga 10k, 12k ko fiye a wuya, ka kama ɓarawonka. Ka sani kuma zafi yana ɗaga lambar, domin juriyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Fikof ɗin da kamfani ya auna 7.5k a digiri 20 zai nuna kusan 8.1k a ɗakin da ya kai digiri 40 a watan Afrilu. Ba jabu ba ne, bazara ce.

Da wannan haɗin za ka iya gano girman fot ɗin bolum. Mayar da mita ma'aunin 200k, ka riƙa rage bolum a hankali. Lambar za ta hau, ta kai wani matsayi, ta fara sauka. Ninka mafi girmanta sau huɗu. Idan ta tsaya wajen 127k, fot ɗinka 500k ne. Wajen 77k, 300k ne. Wajen 64k, 250k ne.

Wannan lamba tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Fot yana zubar da wani kaso na kaifin fikof zuwa giraun, wato layin ƙasa na haɗin, ko da a buɗe yake har 10, kuma ƙaramin fot ya fi zubarwa. Al'adar ita ce 250k ga mai koyil ɗaya, 500k ga hambaka. Kamfanin Gibson ya shafe shekaru yana sa 300k tun daga shekarun 1970, Jazzmaster da Jaguar na Fender kuma da 1M, wato 1000k, suke zuwa, shi ya sa suke da tsini haka. Hambakan da ke zaune a kan 250k ko 300k, ka canza masa 500k na bolum da na ton, za ka ji kamar sabo aka sa, da kuɗi kaɗan in aka kwatanta da na sabon fikof. Ka auna fot kafin ka biya, tsinke a ƙafafu biyu na gefe, domin wanda aka buga wa 500k yana iya fitowa 420k. In akwai zaɓi, mafi girma ya tafi wuya.

Kafasitar ton kuwa, wato ɗan abin da ke manne da fot ɗin ton yana kwashe kaifi, ko 0.022 ce ko 0.047 maikrofarad, ba ta da wani tasiri a zo a gani muddin ton yana kan 10. Masu sayen kafasita mai tsada don neman kaifi suna shuka dusa ne. Sai an fara rage ton take aiki, a nan 0.015 ta fi 0.047 barin sauti a buɗe.

Abin da lambobin kwali ke faɗa, da abin da suke ɓoyewa

Om tsawon waya da kaurinta kawai yake gaya maka. Idan fikof biyu gini ɗaya ne, waya ɗaya, to mai ƙaramin om ya fi ƙarancin naɗi, ya fi kaifi. Da zarar ginin ko wayar ta bambanta, kwatancen ya rushe. Yawancin fikof da waya mai lamba 42 ake naɗa su, kaurinta bai wuce milimita 0.063 ba, ta fi gashin kai da yawa siranta. Mai lamba 43 ta fi ta siranta, don haka naɗi iri ɗaya zai ba da om mafi yawa. Fikof ɗin wuyan Telecaster da 43 ake yinsa, yana nuna 7k ko fiye, alhali bai fi na Stratocaster mai 6k ƙarfi ba.

Lambar da ta fi faɗin gaskiya ita ce indaktans, wadda ke ƙaruwa da yawan naɗi da ƙarfen da ke cikin koyil, da henri ake auna ta. Koyil da wayar jita idan suka haɗu suna yin wani tozo, wurin da sauti ya fi tashi, bayansa kuma sai ya gangara da sauri. Inda tozon ya zauna shi ne muryar fikof. Ɗauki jimillar fikofarad 600, na koyil da na waya. Mai henri 2.5 tozonsa yana wajen 4,100 Hz, nan ne ƙarar gilashi take. Mai henri 4.5 yana wajen 3,000 Hz. Mai henri 8 ya sauko wajen 2,300 Hz, muryar hanci mai kauri wadda ke da amfani a jaki idan ana murɗa distoshin, wato kaushin da ake ƙara wa sauti da gangan, amma a wuya laka ce. Don haka in kamfani ya rubuta henri, nemi 2 zuwa 2.6 a mai koyil ɗaya, ƙasa da 4.5 a hambaka. Wasu kamfanonin tozon suke rubutawa maimakon henri, amma ba tare da waya da fot suke aunawa ba, shi ya sa za ka ga 7 ko 8 kHz. Irin wannan lamba tana da amfani ne kawai tsakanin kayan kamfani ɗaya.

Maganaɗisu ana yawan zuzuta shi, ko da yake yana da nasa rabo. Alnico 5 yana ba da bas mai tsauri da sama mai kaifi, shi ne zaɓin farko ga wannan buƙata. Alnico 2 ya fi laushi, bas ɗinsa sako-sako ne, kuma sako-sakon nan ne ke zama caɓi a wuya. Alnico 4 yana tsakani, Alnico 3 shi ne mafi rauni, yana da tsabta amma ƙararsa kaɗan ce. Siramik a karan kansa ba ya dushe sauti. Sunansa ya ɓaci ne saboda da shi ake yin masu naɗi da yawa da masu araha. Juya mai koyil ɗaya ka duba bayansa: in ka ga baƙin sandan maganaɗisu manne a ƙasa, to turakun shida ƙarfe ne zalla, ƙarfen kuma yana ɗaga indaktans. Wanda turakunsa su ne maganaɗisun, bayansa fili ne, ƙarshen turaku shida kawai za ka gani. Sauya na farko da na biyu yana daga cikin canjin da kunne ke kamawa nan take.

Sai murfi. Murfin ƙarfe yana haifar da wasu ƙananan igiyoyin lantarki a jikinsa masu danne tozon nan. Na tagulla ya fi ɓarna nesa ba kusa ba, na garwayen da ake kira nikel-silba kuwa kaɗan yake ci. Daga waje duka biyun fari ne mai sheƙi. Kankare ɗan wuri a gefen ciki da fayil: in rawaya ta fito, tagulla ce. Murfin roba ba ya cin komai.

Zaɓi gwargwadon ramin da ke jikin jitarka

Idan ramin hambaka ne kuma kana son ka zauna a hambaka, nemi mai 7k zuwa 7.8k da Alnico 5 ko 4, mara murfi ko mai nikel-silba. Asalin wannan gini shi ne wanda Seth Lover ya tsara wa Gibson a 1955, ya fara fita a jitoci a 1957, kuma waɗancan na farko ba masu naɗi da yawa ba ne. Seymour Duncan SH-2n, wanda ake kira Jazz, yana wajen 7.5k da Alnico 5, bas ɗinsa a tsuke yake, shi ne wanda aka fi kai wa hannu don wannan ciwo. DiMarzio DP156 ya sauka ƙasa da 6k, an yi shi ne musamman don wuyan da ya yi duhu, har wasu na ganin ya yi sirantar da ta wuce. Masu naɗa koyil biyun ba daidai ba da gangan, ɗaya ya ɗara ɗaya, su ma suna barin sama a buɗe, da ɗan gurnanin wutar lantarki kaɗan a madadin haka.

Idan kana son ka wuce nan, akwai Filter'Tron na Gretsch, ƙirar Ray Butts, wanda ke wajen 4k zuwa 5k. Koyil ɗinsa ƙanana ne kuma a matse, yana kashe gurnani, yana da ƙara kamar ƙararrawa. TV Jones da wasu suna yin irinsa a girman ramin hambaka. Ƙaramin hambaka irin na Firebird ko na Les Paul Deluxe shi ma ya fi babba kaifi, domin gajeren yanki na tsirkiya yake saurare, amma sai da zoben da zai cike ramin. A ganinmu, ga mai kaɗa tsirkiyoyi da yawa a sauti mai tsabta, waɗannan biyun sun fi kowane babban hambaka, sai dai a yarda cewa ƙararsu ba za ta kamo fikof ɗin jaki mai 14k ba.

P-90, wanda Gibson ya fitar a 1946, koyil ɗaya ne mai faɗi, kuma ana samunsa a girman hambaka, kamar Phat Cat na Seymour Duncan. Yana da cizo a farkon kaɗawa, amma tsakiyarsa tana da kauri. In za ka sa shi a wuya, nemi mai wajen 7k. Kada ka ɗauka duk mai koyil ɗaya siriri ne.

Ramin Stratocaster ya fi sauƙi: turakun Alnico 5, waya 42, 5.6k zuwa 6k. Wannan ita ce muryar da aka sani a hannun 'yan jitar Agadez, inda kowace tsirkiya ke fita tar ko da yatsu suna gudu. Masu sunan “Texas” ko “hot” naɗinsu ya fi yawa, ka bar su. Hambaka siriri mai reza biyu da ke shiga wannan rami kuma yawancinsu sun fi ainihin mai koyil ɗaya duhu, sai an haɗa su a jere na kafaɗa da kafaɗa, wanda za mu zo kansa.

Wuyan Telecaster ya yi suna wajen dushewa, kuma murfin tagulla ne babban mai laifi, sai ƙaramin koyil da waya 43. Nemi mai murfin nikel-silba, ko mai buɗaɗɗen sama. Twisted Tele na Fender an ƙara masa tsayi don a naɗa shi da waya 42, yana wajen 6k, muryarsa ta kusa ta Stratocaster.

Akwai abin da za ka auna kafin ka bar hambaka ka koma koyil ɗaya. Wutar Najeriya da Nijar 50 Hz ce, mai koyil ɗaya kuma yana kwasar gurnaninta, balle a filin biki da janareta, soket babu giraun, fitilu a ko'ina. In a irin wuraren nan kake aiki, Filter'Tron, ƙaramin hambaka ko masu koyil biyu a ɗore irin Noiseless na Fender za su fi ba ka kwanciyar hankali. Masu batir irin EMG 60 su ma tsit suke kuma garau, amma suna buƙatar fot 25k, jak mai ƙafa uku da batir 9V, kuma ba sa zama lafiya da fikof mara batir a jita ɗaya. Aikin canza komai ne.

Awo kafin oda

Auna daga tsakiyar babbar tsirkiya zuwa tsakiyar siririya daidai saman ramin wuya. Yawanci milimita 49 zuwa 50 za ka samu, wato girman da aka saba. Masu faɗin 51 zuwa 53, da ake rubuta wa F-spaced ko Trembucker, na jaki ne. Duba zurfin rami, domin hambaka mai dogayen ƙafafu ba ya shiga jita mai siririn jiki. Sukurorin hawa na Amurka zarensu daban da na jitocin Asiya, yi amfani da waɗanda suka zo cikin kwali, kada ka tilasta tsofaffi su cinye zaren ƙafa. Haka fot: na Asiya ramin milimita 8 yake shiga, na kamfanin CTS yana son kusan 9.5, kuma haƙoran kansa sun bambanta, maɓallin da ka cire ba lalle ya hau ba. Les Paul mai tudun gaba yakan so fot mai dogon wuya. In hambaka ne, sayi mai waya huɗu, ko da ba ka da niyyar amfani da su yau. Kayan manyan kamfanoni ana yin jabunsu sosai, don haka in farashi ya faɗi ƙasa da rabi, ka yi shakka, in ya iso kuma ka auna om ɗinsa kafin ka yanke ko da waya ɗaya.

Ɗaurawa

Kayan aiki: ƙarfen narka dalma mai wat 40, dalma 60/40 mai ƙaro a ciki, sukudireba, abin fere waya, salatif ko robar da ke tsukewa da zafi, tsumma, da mita. Kada a yi amfani da bindigar dalma mai taransifoma kusa da fikof, tana iya rage wa Alnico ƙarfi. In hannunka bai saba ba, kai wa mai gyaran rediyo, amma ka tafi da zanen haɗin a takarda ka zauna kusa da shi.

Ɗauki hoton wayoyin kafin ka taɓa komai. Sassauta tsirkiyoyi ko ka cire su, shimfiɗa tsumma a jikin jita saboda ɗigon dalma yana huda fenti. Bi wayar tsohon fikof, za ka ga ta rabu biyu: mai ɗauke da sauti tana zuwa suwic ko ƙafar fot, ta giraun tana bayan fot. Narke su ka zare. Zura sabuwar ta ramin, bar mata rarar santimita 5, fere milimita 4 a kowane baki, ka shafa musu dalma tun kafin ka kai su wurin. Bayan fot yana shan zafi, kankare shi kaɗan, ka yi aikin cikin daƙiƙa huɗu ko biyar. In ka daɗe, cikin fot ɗin zai ƙone ya fara ƙarar yashi. Haɗi mai kyau sumul yake yana sheƙi. Wanda ya dunƙule ya yi toka-toka, sake shi.

Launin waya ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, a nan ake yawan faɗawa rami. A Seymour Duncan baƙa ce mai sauti, kore da tsirara giraun, ja da fara a haɗe su a naɗe. A DiMarzio ja ce mai sauti, kore da tsirara giraun, baƙa da fara a haɗe. A Gibson ja ce mai sauti, baƙa da tsirara giraun, kore da fara a haɗe.

Kafin ka rufe, gwada fuskar da kowane fikof ke turawa. Sa mita a ma'aunin milivolt na DC a bakin jak, kai suwic wuya, kwantar da sukudireba a kan turaku, ka fizge shi sama. Lura ko lambar ta yi tsalle zuwa ƙari ko ragi. Yi haka a jaki. Dole su tafi gefe ɗaya. In sun saɓa, matsayin tsakiya na suwic, inda fikof biyun ke aiki tare, zai fito siriri, ta hanci, ƙarar ta faɗi. A mai waya huɗu sai ka musanya mai sauti da ta giraun, tsirarar kuwa tana nan a giraun ko yaushe. A mai waya ɗaya da saƙar ƙarfe a waje ba a musanyawa, domin saƙar tana haɗe da farantin ƙasa da murfi, za ka sami gurnani ne kawai. Can sai an sassauta sukurori huɗu na ƙasa an juya maganaɗisu, gefen da ke duban wannan koyil ya koma duban wancan.

Mayar da tsirkiya, saita tsayi kamar yadda aka bayyana a sama, sannan ka daidaita ƙarar fikof biyun. In wuya ya fi ƙara, shi za ka sauke.

In har yanzu da saura

Hambaka mai waya huɗu ana iya haɗa koyil ɗinsa kafaɗa da kafaɗa maimakon ɗaya bayan ɗaya. A launin Seymour Duncan, baƙa da ja su tafi wajen sauti, fara da kore da tsirara su tafi giraun. Om zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, mai 8k ya nuna 2k, indaktans ma haka, tozon ya haura kusan ninki biyu, kuma gurnani ba zai dawo ba. Ƙara za ta ragu. Wannan ya fi kashe koyil ɗaya, wanda a hambaka mai ƙarancin naɗi yakan bar sauti kamar na gwangwani. In dai kashewar kake so, sa rezista 1k zuwa 2.2k tsakanin haɗin ja da fara da giraun, don koyil na biyu ya rage ɗan numfashi.

Idan kaifin ya isa amma bas ne ya yi yawa, yanke wayar sauti ta fikof ɗin wuya ka sa kafasita a tsakani. Da fot 500k, mai 0.0047 maikrofarad tana fara rage abin da ke ƙasa da kamar 100 Hz, mai 0.0022 kuma daga wajen 200 Hz. Babbar tsirkiya a sake 82 Hz take, saboda haka fara da ta farko. Ka lura da sifilin: 0.047 ta yi girma, kusan ba abin da za ta rage. Bayan wannan haɗi mita ba za ta ƙara nuna om ɗin fikof daga jak ba, kada ka zaci ya mutu.

Wanda jitarsa ke garau a 10 amma ta dushe da ya sauko 7, matsalarsa a bolum take. Liƙa kafasita 0.001 maikrofarad tare da rezista 150k, kafaɗa da kafaɗa, tsakanin ƙafar da sauti ke shiga da ƙafar tsakiya. In ya yi tsini da yawa a ƙasa-ƙasa, sauko 680 fikofarad.

Cire murfin hambaka shi ne na ƙarshe da za a gwada, kuma in nikel-silba ne ribar kaɗan ce. Ɗigon dalma biyu ne ke riƙe da shi a ƙasa. Yanka su da reza mai kauri ko ka narke su kana zura siririn ƙarfe a tsakani, ka ɗumama murfin da na'urar busar da gashi don kakin da ke ciki ya saki, sannan ka tura sukurorin sama da babban yatsa har ya zame. Kada tsinin wani abu ya shiga gefen koyil. In wayar ta tsinke mita za ta nuna babu haɗi, kuma mai naɗin koyil ɗin fanka ba shi da waya mai wannan siranta. Da murfin ya fita, zagaye gefen koyil da baƙin tef na yadi sau biyu, don siririyar tsirkiya kada ta maƙale ƙarƙashin leɓensa.